Kukumar da Na Rataye

Shekara talatin ina goga kukuma a Daura,
ba abin da ya taɓa faɗuwa gabana sai kuɗin liƙi.
Sai ɗiyata Tasalla.

Ba kowane kiɗa ba ne.
Kalangun mahauta kan wuce ta ƙofar gida
tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗagawa.
Ɗan taken nan ne guda,
wanda na ƙaga da asubar ranar sunanta
rago na ɗaure a bakin zaure,
shi ke nemo ta ko tana bayan ɗaki.

Takan ce, Baba, ƙaurin roba nake ji,
alhali murhu a mace yake.
Takan ce, wani abu na taso mini daga ciki,
kuma wannan ranar kamar na taɓa yin ta.
Sai ido ya kafe,
baki na tauna abin da babu,
yatsu na tsinkar bakin zane.
In na kira sunanta
sunan ya dawo mini hannu wofi.

Maƙwabta suka ce iskoki ne,
ɗiyar makaɗi, me ake tsammani?
Aka yi hayaƙi har bango ya yi baƙi.
Wata tsohuwa ta raba mata kwano da jikokinta,
wai a miyau ake ɗauka.
Likita ya ce farfaɗiya ce, ba ta yaɗuwa.
Ya ba da farar ƙwaya. Ya ƙara rawaya.
Ya ƙara wata da ta cinye mini tumaki biyu.
Shekara huɗu, ciwon na haɗiye su
yadda rijiya ke haɗiye tsakuwa.

Na rataye kukuma a ƙusa.
Tsirkiya ta saki, gizo-gizo ya tare a ƙoƙo,
na koma auna gawayi.
Amma samarin gari sun riga sun naɗe taken.
Wayar wani mai albasa ta yi ƙara a kasuwa,
aka kawo mini ita a adaidaita,
mayafi duk ƙasa, takalmi ɗaya.

A Katsina suka manna mata wayoyi a ka
kamar kitson da aka bari rabi.
Kwana uku na'ura na jan layi lafiya lau.
Ciwon ya laɓe.
Dakta Raliya ta ce, Malam Nalado,
sai mun ga ramin da yake fitowa
kafin a yi zancen aiki.
Koma gida ka ɗauko ta.

Na ce, ki ce kawai in dama mata guba.
Tasalla ta ce, Baba, goga.
Na gaji da gudun waƙata.

Na shafa ƙaro a izga hannu na rawa.
Ban taɓa kiɗa a ɗaki mai warin magani ba,
ba mai rawa, ba mai guɗa,
sai ma'aikaciyar jinya riƙe da allura.
Na ja sau ɗaya. Na ja sau biyu.
A gaɓa ta uku ta ce, ga ƙaurin nan,
layukan allo suka tashi
kamar an jefa dutse cikin garken awaki.
Aka ce, ya isa.
Hannuna bai ji ba, sai da aka riƙe shi.

Dakta ta ɗora yatsa bisa kunnen dama:
nan ne.
Wurin bai fi ƙwallon dabino ba.
Ta ce watakila a cire. Ta maimaita watakila.
Ban tambayi kuɗin ba tukuna.

Da la'asar Tasalla ta farka, ta nemi ruwa.
Ta dubi kukumar a kan kujera,
ta ce, Baba, ka kai ƙarshe?
Na ce a'a.
Ta ce, na manta yadda yake sauka.
Ka ajiye mini.